Gargaɗi Ga Direbobin Dauran, Ƙauran Namoda, Shinkafi da Zurmi: Ku Tsare Soket ɗin Inji Daga Ruwa

Jama'a, wannan kira ne na gaggawa ga duk direban da ke ɗaukar mutane ko kaya tsakanin Ƙauran Namoda, Dauran, Zurmi, Moriki da Shinkafi, da masu motocin da suka ba da su haya, da kanikawa da masu wayarin, har da samarin da ke wankin mota a bakin tasha. Damina ta kankama. Kada kowa ya sake kama hanya bai ɗaga bonet ya duba soket-soket ɗin injinsa ba. A dakatar da wanke inji da injin fesa ruwa. Motar da ta fara fizga, ko ta mutu ko da sau ɗaya ne bayan ruwan sama ko bayan wanki, kada a loda mata fasinja sai an gano inda danshi ya shiga an toshe.

A hanyar Kano zuwa Zariya idan mota ta mutu, direba ya gangara gefe, fasinjoji su yi guna-guni, a aika a nemo makanike. Tsakanin Dauran da Zurmi, ko tsakanin Ƙaura da Shinkafi, ba haka lamarin yake ba. Shekaru ke nan 'yan bindiga suna tare waɗannan hanyoyi suna kwashe matafiya, kowa a nan ya sani. Direba yana lissafin lokacin fitarsa, yana tambayar wanda ya shigo ko hanya lafiya, yana ƙoƙarin wuce wuraren da ake tsoro tun da sauran rana. Duk wannan dabara a kan abu ɗaya ta rataya, wato injin ya ci gaba da juyawa. Akwai wuraren da sabis ɗin waya ba ya kamawa, kuma waɗanda suka ga lokacin da aka rufe layukan waya a Zamfara daga Satumbar 2021 sun san yadda neman agaji yake idan babu waya. Abin da ke ci mini rai shi ne, abin da zai tsayar da mota cike da mata da yara a irin wannan wuri sau da yawa bai wuce ɗigon ruwa a cikin 'yar robar da ba ta fi babban yatsa girma ba.

Dattawan direbobin da suka yi zamani da Peugeot 504 mai kafireto sun saba da wata irin mota. Idan ruwa ya taɓa ta, wuri guda ake zargi: a cire murfin distirbuta, a goge da busasshen tsumma, a mayar, a murɗa makulli. Motocin da suka cika tashoshinmu yau, Golf 3 da Sharon da Vectra da 406 da Corolla da bas ɗin Homa, ba su da wannan sauƙin kai. Kwamfuta ce ke tafiyar da injinsu, abin da kanikawa ke kira birenbos. Shi ke yanke yawan man da nozul zai fesa da lokacin da fulogi zai ba da wuta, amma ba shi da ido, da rahoto yake aiki. Sansar karanshaf tana gaya masa inda fistin yake, iyafulo yana auna iskar da ke shiga, wata sansar tana auna zafin ruwan lagireto, wata tana kan totur, wata a jikin salansa tana shinshina hayaƙi. Kowace ɗayansu soket ne ya haɗa ta da wayarin. Batir bolt 12 yake bayarwa, amma sansa da yawa da bolt 5 suke aiki, kuma saƙon da wasu ke mayarwa bai kai bolt 1 ba. Wuta ƙarama haka ba ta jure ɓarna. Ɗan danshi tsakanin fil biyu ya isa ya karkatar da saƙon, birenbos ya karɓi ƙarya ya yi aiki da ita. Idan kuwa saƙon sansar karanshaf ne ya yanke, a yawancin motocin zamani inji ɗaukewa zai yi nan take, ko da kana tsakiyar gudu.

Ruwan da ke shiga inji ba tsarkakken ruwa ba ne. Ya gauraya da laka da gishirin ƙasa da omo, wani lokaci har da ruwan batir da ya tsiyaye, kuma irin wannan ruwa yana ɗaukar wuta. Da zarar ya zauna a kan fil ɗin da wuta ke bi, sai ya fara cin ƙarfen. Jan ƙarfe ya yi kore, shafen da ke kan fil ya zama farin gari. Wasu fil ɗin suna da wuta ko mota tana kashe, saboda haka cin yana ci gaba cikin dare mota tana ajiye a ƙofar gida. Mugun abin shi ne ɓarnar ba ta nuna kanta ranar da ruwan ya shiga. An wanke inji yau, mota ta tashi lafiya, ta yi kwanaki tana jigila, sai ranar kasuwar Shinkafi ta mutu a hanya da lodi a kai. Direba ya rantse cewa jiya lafiyarta ƙalau, kuma gaskiya ya faɗa. Wankin da aka yi a makon jiya ko kusa ba zai zo masa a rai ba.

Masu ƙera mota sun san da ruwa. Shi ya sa soket ɗin inji yake zuwa da zoben roba mai laushi a bakinsa, da ƙananan robobi a bayansa, kowace waya da tata, da ɗan harshen da ke cewa ƙas idan ya zauna. Amma Golf 3 daga 1991 zuwa ƙarshen shekarun 1990 aka ƙera ta, robar da ke jikinta ta haura shekara 25. Ta sha zafin inji, ta sha zafin bazararmu da ke haura digiri 40 a Afrilu, ta sha ƙurar hunturu. Ta bushe, ta tsattsage, harshen kuwa ya karye tun a hannun wani makaniken da aka manta. Ƙurar da ta taru a gindin wayoyi tun rani, ruwan farko ke mayar da ita laka mai riƙe danshi kwana da kwanaki. Akwai kuma abin da mutane ba su cika sani ba. Inji mai zafi idan ruwan sanyi ya watsu masa, iskar da ke cikin soket tsukewa take yi, ta zuƙo ruwan ciki ta duk kafar da ta samu. Ita kuma waya ba sanda guda ba ce, siraran zaruruwan jan ƙarfe ne a cikin riga. Ruwa yana bin tsakaninsu yadda kananzir ke hawa lagwanin fitila: ya shiga ta wani rauni kusa da taya, ya yi ta tafiya a cikin rigar wayar har ya ɓulla a bakin birenbos, can inda ruwan sama bai taɓa kaiwa ba.

A ganina ruwan sama ba shi ne babban mai laifi ba. Ruwan da ya fi ɓata soket shi ne wanda muke kai wa inji da kanmu, har mu biya kuɗi. Injin fesa ruwa na wurin wanki yana harbo ruwa da ƙarfin da ya ninka iskar cikin tayar mota sau 40 ko fiye. Robar soket, ko sabuwa ce dal, don fantsamar ruwan hanya aka yi ta, ba don a kafa mata bakin tiyo a tazarar taƙi ɗaya ba. Ga abin da ake yi kullum: mota ta shigo daga tafiya, inji da zafinsa, a ɗaga bonet, a watsa omon da aka dama da kananzir ko gas, a bi lungu-lungu da tiyo. Wasu suna barin injin a kunne, wai hakan ke hana ruwa zama. Ai ƙara ɓata abin yake yi, domin fanka tana yayyafa ruwan ko'ina, kuma kowane fil yana ɗauke da wuta a daidai lokacin da ya jiƙe. Samari masu wanki, ba abincinku nake so in taɓa ba. Ku wanke jiki, ku wanke taya, ku share ciki. Idan mai mota ya matsa sai an wanke inji, ku ce masa ya bari ya huce, sannan a bi shi da burushi da tsumma mai ɗan danshi, a rufe altaneta da akwatin fiyus da kwayil, a kuma cire abin da aka rufe su da shi da zarar an gama. Injin da ya kwana da ɗan datti babu abin da zai same shi.

Sai ku, iyayen gidanmu masu wayarin. Na san halin da kuke aiki a ciki, kayan gwaji ba su isa ba, ga direba tsaye a kanku yana cewa a yi sauri layinsa ya kusa. Amma allurar nan, ko tsinin fitilar gwaji da ake soka wa waya don a ga ko da wuta, kowace huda hanya ce aka yi wa ruwa, kuma ba ta rufuwa da kanta. A gwada ta bayan soket, a gefen wayar, a hankali. In dole ta sa an huda, a toshe hudar kafin mota ta bar gareji. Haka nan haɗin nan na murɗa waya biyu a naɗe da salatif. Salatif yana saki idan ya ji zafi da mai, ruwa ya samu wurin kwana a ƙarƙashinsa. Haɗin da zai shekara shi ne wanda aka kama da dalma ko aka matse da maɗaurin ƙarfe, aka sa masa rigar robar nan da ke tsukewa idan ta ji zafi, musamman mai gam a ciki. Soket ɗin da ya fashe, a yanko irinsa daga tsohon wayarin a dasa, kada a jefar da shi a cusa fil tsirara a jikin sansa. Wanda harshensa ya karye a ɗaure shi da igiyar roba ya zauna daram. Idan ana shimfiɗa waya, a bar mata ɗan lanƙwasa ƙasa kafin ta kai soket, don ruwan da ya biyo ta ya ɗiga a ƙasa. Kuma don girman Allah a daina maye gurbin fiyus da waya ko takardar kwalin sigari. Fiyus ɗin da ke ƙonewa bayan ruwa shaida ne cewa wuta tana tsallakawa a wani wuri. Idan aka hana shi ƙonewa, wayarin ne zai ƙone, da mutane a cikin mota.

Akwai wurin da kusan ba a dubawa, wato magudanar da ke ƙarƙashin gilashin gaba, inda gindin waifa yake. Duk ruwan da ya gangaro daga gilashi nan yake taruwa, ya fita ta ƙananan ramuka a gefe da gefe. Motar da ke kwana ƙarƙashin darbejiya, ko take dakon gero da dawa da wake, ganye da ƙaiƙayi suna toshe ramukan nan har magudanar ta cika. A Golf 3, a cikin wannan magudana birenbos yake zaune. A wasu motocin ruwan yakan malala ciki ta hanyar iskar fanka ya jiƙa kafet, ga shi tsohuwar Honda Accord ta farkon shekarun 1990 birenbos ɗinta yana ƙarƙashin ƙafar fasinjan gaba. Gwajin ba ya cin ko sisi. Zuba ruwa buta ɗaya a gindin gilashi, ka duba ko ya fito ta bayan tayoyin gaba nan da nan. In bai fito ba, a zaƙulo dattin. Sa hannu ƙarƙashin kafet, in ka ji sanyi ko warin laima, ruwa yana shiga. Hatsin da ya zube kuma yana jawo ɓeraye, su kuwa gaigayar rigar waya suke yi. Robobin da ke rufe ƙarƙashin inji da mazaunin taya, waɗanda ake cirewa a yar wai suna ƙara, su ke tare fantsamar taɓo daga altaneta da sansar karanshaf. Wanda nasa ke nan ya ɗaure su, wanda ya yar ya nemo.

Masu shirin sayen mota su ma su buɗe ido. A 2017 guguwar Harvey ta nutsar da dubun dubatar motoci a yankin Houston na Amurka, a 2022 guguwar Ian ta yi irin wannan ɓarna a Florida. Kamfanonin inshora sukan yi gwanjon irin waɗannan motoci a matsayin lalatattu, kuma Afirka ta Yamma tana cikin inda motocin gwanjon Amurka suke ƙarewa, ta Kwatano da Legas. Ba sai an je nesa ba ma, ambaliyar da ta biyo bayan ɓallewar madatsar Alau a Satumbar 2024 ta shanye motoci a Maiduguri. Motar da ta kwana cikin ruwa, balle ruwan teku mai gishiri, za ta iya tashi ta yi ƙyalli a filin dillali alhali soket-soket ɗinta suna ruɓewa a hankali. A jawo bel ɗin kujera har ƙarshe a nemi tabon ruwa, a duba laka a ramin safayar taya, a cire soket biyu ko uku na ƙarƙashin dashbod a haska su da tocila.

Alamun danshi ba ɓoyayyu ba ne. An yi ruwan dare, da asuba mota ta yi ta kik ta ƙi tashi sai rana ta ɗaga. Sulo yana rawa. Ana taka totur tana fizga. Fitilar cak injin tana kamawa tana ɗaukewa, allurar zafi tana tsalle, fanka ta ƙi tashi ko ta ƙi tsayawa, batir ya wayi gari a sauke ba a bar komai a kunne ba. "Bari ta sha rana, za ta tashi," haka ake cewa a tasha. Za ta tashi ɗin, amma danshin da rana ta busar ya bar tsatsarsa a ciki, kuma hadari na gaba yana iya riskarka bayan ka bar Dauran. Motocin Amurka daga 1996, da masu fetur na Turai daga 2001, suna da bakin da ake jona na'urar bincike kusa da sitiyari. A yi amfani da ita, amma a fahimci abin da take faɗi. Layin da saƙo ya lalace take nunawa, ba rantsuwa ta yi cewa sansar ta mutu ba. Tun da aka cire tallafin mai a Mayun 2023 naira kuma ta faɗi, kowa ya ga yadda kayan gyara suka yi tsada. Kada a ce maka birenbos ya ƙone ka yarda kafin a buɗe soket ɗinsa a gabanka. Wanda aka sayo aka jona a jiƙaƙƙen soket, hanyar na farko zai bi.

Dubawar aikin hantsi ɗaya ce. A kashe mota, inji ya huce, a cire kan batir na negetif, shi ake fara cirewa, shi ake mayarwa a ƙarshe. A bi soket ɗaya bayan ɗaya, a danna harshen a ja jikin robar, kada a ja waya. A fara da na ƙasa-ƙasa waɗanda taɓo ya fi samu, na sansar karanshaf da altaneta da kik da fankar lagireto, sannan a hauro kan kwayil, nozul, iyafulo, akwatin fiyus da rile, da babban soket na birenbos. A haska ciki. In da ɗigon ruwa, a hure da iska mai sauƙi a bar shi ya bushe sarai. Ba a gasa shi da wutar takarda ko ashana. In da kore ko farin gari, a fesa maganin wanke fil na lantarki, irin wanda ke bushewa bai bar maiƙo ba, a goge da ƙaramin burushi. Fil ɗin da ya cinye ko ya saki a canza shi. Sannan a shafa giris ɗin silikon na lantarki, ɗan kaɗan, a kan zoben robar da bayan soket inda wayoyi ke shiga. Shi ba ya ɗaukar wuta, aikinsa tare ruwa ne, don haka ba a cika ramin da shi. In ba a samu a Ƙaura ba a yi saƙonsa Gusau ko Ƙofar Ruwa a Kano, direbobi su haɗa kuɗi, guda ɗaya zai ishi motoci da dama. Kada a manta da wayar at da ke ɗaure a jikin inji da bodi, a kwance ta, a kankare tsatsar, a ɗaure tam. Soket iri biyu ne ba a yi wa wannan aiki: na sansar salansa, wanda ba ya son giris ko feshi domin wasu irinta ta cikin wayar suke shaƙar iska, da masu launin rawaya na jakar iska, waɗanda sai gwani.

Ba duk abin da ke kusa da hannu ne magani ba. Baƙin mai da giris ɗin taya suna kumbura robar soket, su kuma tara ƙura. Fetur yana lalata roba, ga haɗarin gobara. Gam ɗin gasket mai warin tsami yana cin jan ƙarfe. Ledar da ake naɗe soket da ita a bar ta tana tara gumi a ciki, ta zo ta narke a jikin inji. WD-40 yana korar ruwa, yana taimakawa a cikin murfin distirbuta idan an maƙale a hanya, amma ba ya maye gurbin robar da ta mutu. Basilin kuwa a bar shi a kan batir kaɗai.

Ɓangaren fulogi wutarsa ta haura bolt 20,000, kuma 'yar tsagar da ido ba ya gani ta ishe ta ta gudu idan da danshi. Da dare, a cikin gari, a tada mota a ɗaga bonet a duba ba tare da an taɓa komai ba. Idan ana ganin shuɗin tartsatsi yana tsalle a jikin wayoyin fulogi ko kwayil, a canza su. A leƙa ramukan fulogi, ruwan wanki yakan kwanta a ciki. Masu babur da Keke, hular fulogi da soket ɗin sidiyai naku ma haka suke.

Ƙasarmu ƙasar kogin Gagare da na Bunsuru ce, da ƙoramun da ke zuba cikinsu, waɗanda za ka wuce su da safe babu ruwan kirki, da la'asar ka tarar sun tumbatsa saboda ruwan da aka yi a wani wuri can sama. Hukumar yanayi ta Amurka tana gargaɗin cewa ruwa mai gudu da zurfinsa ya kai santimita 30 yana iya tafiya da ƙaramar mota, santimita 60 kuma da manya. Idan ruwa ya kai rabin taya, ko yana gudu a kan kwalbati ba a ganin bakinta, kada a shiga. Tun a tasha ake tambayar wanda ya shigo yanzu, a kuma saurari hasashen hukumar yanayi ta NiMet a rediyo. Da muguwar rawa gara ƙin tashi. Ruwan da bai kai haka ba, a shiga a giya ɗaya, a hankali, ƙafa ba ta sauka daga totur, mota ɗaya bayan ɗaya, kada a gamu da igiyar ruwan babbar mota. An fita, a ɗan tattaka birki ya bushe. Idan mota ta mutu a cikin ruwa, a fara fitar da mutane, kuma kada a sake murɗa makulli. Ruwa ba ya matsuwa. In ya shiga ta bututun iska, kik ɗaya zai iya lanƙwasa konrod. A turo ta waje, a cire kan batir, a duba matatar iska. Idan ta jiƙe, sai an kwance fulogi an fitar da ruwan.

In kuma a busasshiyar hanya ta ɗauke bayan ruwa, babu lokacin lalube, shi ya sa tun a gida ya kamata ka san inda kowane abu yake a motarka. Girgiza kan batir. Buɗe makulli ka saurari kukan famfon mai na 'yan daƙiƙu, in shiru ka duba fiyus da rilensa. Cire soket ɗin sansar karanshaf da na kwayil, hure, goge, mayar. Busasshen tsumma a cikin leda, gwangwanin feshi, fiyus da rile na safaya, sifana 10 da tocila su zauna a akwatin gaba, ba a ƙarƙashin buhuna ba. Idan ba ta tashi cikin 'yan mintuna ba, wurin kuma ba na tsayawa ba ne, a sa fasinjoji a motar farko da ta tsaya, a fara da mata da yara, kai ma ka bi su. Mota ana dawowa a jawo ta. Kowane direba ya riƙe igiyar ja mai ƙwari, domin a irin wannan wuri janye ɗan'uwanka zuwa gari ya fi tsayawa taya shi kwance-kwance.

Shugabannin tasha na NURTW, da na ƙungiyar kanikawa ta NATA a wannan yanki, wannan yana hannunku. Ku sa a duba motocin layi cikin makon nan, a samu mai wayarin guda a kowace tasha da zai bi su ɗaya-ɗaya. Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Tarayya tana nan Ƙauran Namoda tun 1983, a roƙi malamanta na injiniya su ba yaran gareji yini guda kan haɗin waya da rufe soket. Alhazai masu motoci, ku ba direba rabin yini da kuɗin giris da roba, kada ku lissafa masa a cikin balas ɗin ranar. Fasinjan da ya ga sai an tura mota kafin ta tashi a tasha bayan an yi ruwa, yana da haƙƙin ya ce, "Malam direba, a duba ta tukuna," ko ya sauka ya jira ta baya. Idan direba ko mai mota ya ƙi, kamasho ya kai maganar ga shugaban tasha, a cire motar daga layi har sai an buɗe soket ɗinta an gani.